Sandar juyi mai lanƙwasuwa

Sandar juyi mai lanƙwasuwa wata na'ura ce da ake haɗawa da ƙaramin injin huda, wato diril, ko injin sassaƙa na hannu, domin ta ɗauki juyin injin ta kai shi ga bakin da ke huda, ko gogewa, ko yanka, ko da hanyar da ke tsakaninsu ba miƙaƙƙiya ba ce. A ido tana kama da siririn tiyo, tsawonta kimanin mita ɗaya. A cikinta akwai jijiya ta wayoyin ƙarfe da aka naɗe hawa-hawa, ita ce ke juyawa, sai kube da ya rufe ta, shi kuma ba ya juyawa. Maƙeran zinariya da azurfa, da masu haɗa haƙoran roba, da masu sassaƙar itace, da masu zane a jikin gilashi ko ƙarfe su ne suka fi amfani da ita, domin tana ba su damar riƙe abu marar nauyi kamar alƙalami maimakon ɗaukar injin gaba ɗaya.

Abin da ya bambanta ta da sauran sandunan juyi shi ne tana da laushi idan aka lanƙwasa ta, amma tana da tauri idan aka murɗa ta. Wannan hali ya samo asali ne daga yadda aka naɗe wayoyin jijiyarta. Daga nan ne kuma iyakokinta suka fito: ta fi ƙarfi ta fuska ɗaya a kan ɗaya fuskar, ba ta jure lanƙwasa mai tsanani, kuma ta fi dacewa da aikin da ke son gudu a kan wanda ke son ƙarfi.

Suna

Sunanta na Turanci da na Jamusanci duk suna nufin sandar juyi da ke lanƙwasuwa. Masu aikin kayan ado a Amurka kan taƙaita sunan su ce fileks-shaf, a Ingila kuwa an fi kiran injin da sunan da ke nufin inji mai rataye, saboda sama ake rataye shi. A wannan maƙala, jijiya na nufin ɓangaren ciki mai juyawa, kube na nufin murfin waje, mariƙi kuma shi ne ɓangaren da mai aiki ke riƙewa.

Tarihi

Ana danganta ƙirƙirar wannan sanda ga James Nasmyth, injiniya ɗan Sikotilan wanda ya rayu daga 1808 zuwa 1890, wanda kuma aka fi saninsa da gudumar tururi. A shekarar 1829, lokacin da yake aiki a masana'antar Henry Maudslay a Landan, ya yi amfani da wayar ƙarfe da aka naɗe kamar sifirin wajen juya bakin huda a lungunan manyan injuna da diril ɗin wancan zamani ba ya iya kaiwa. A tarihin rayuwarsa da aka buga a 1883, ya ambata cewa bayan shekaru masu yawa ya ga irin wannan dabara a wurin wani likitan haƙori, aka ce masa sabuwar ƙirƙira ce daga Amurka.

Aikin haƙori ne ya yaɗa na'urar. A 1871 James Beall Morrison ya yi rajistar injin huda haƙori da ake juyawa da feda ta ƙafa. A cikin shekarun 1870 kamfanin S.S. White na birnin Filadelfiya, wanda Samuel Stockton White ya kafa a 1844, ya riƙa sayar da injunan haƙori masu sanda mai lanƙwasuwa. A wannan zamani ne kuma Nelson Stow na garin Binghamton a jihar New York ya shiga ƙera irin waɗannan sanduna domin masana'antu.

Da ƙananan injunan lantarki suka yawaita a ƙarni na 20, sai na'urar ta shiga shagunan masu sana'ar hannu. Kamfanin Foredom, wanda aka kafa a Amurka a 1922, ya shahara da inji mai rataye da ake sarrafa gudunsa da ƙafa. Kamfanin Dremel, wanda Albert J. Dremel ya kafa a garin Racine na jihar Wisconsin a 1932, ya fitar da ƙaramin injinsa na hannu mai gudun gaske a 1935, kuma sandar na cikin kayan da ake ɗaura wa injunansa. Kamfanin Bosch na Jamus ya sayi Dremel a 1993.

Sassanta

- Jijiya: ana farawa da waya guda a tsakiya, a naɗe ta da wasu wayoyi jere da juna, sannan a ƙara wani hawa a kai, har hawa biyu, uku ko fiye. Kowane hawa ana naɗe shi ne akasin wanda ke ƙarƙashinsa. Yawanci da ƙarfen sifirin ake yin wayoyin, wani lokaci kuma da ƙarfen da ba ya tsatsa. A ƙananan injuna kaurin jijiyar kan kai milimita 3 zuwa 4.
- Kube: cikinsa ƙarfe ne da aka naɗe kamar sifirin, wajensa kuma roba. Yana riƙe giris, yana hana ƙura shiga, yana kāre hannu da tufafi daga jijiyar, yana kuma tallafa mata kada ta kanannaɗe.
- Kawunan jijiya: ana matse ƙarshenta ya zama mai kusurwa huɗu, ko a ɗaura masa ɗan ƙarfe mai harshe, domin ya shiga ramin da ya dace da shi.
- Mariƙi: a cikinsa akwai gajeriyar sanda miƙaƙƙiya da ke juyawa a kan boris, a ƙarshenta kuma akwai makama da ke danƙe bakin aiki. Bakunan Dremel yawanci ƙafarsu milimita 3.2 ce, na maƙeran zinariya kuma milimita 2.35.

Ƙarfin murɗa da gudu

Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da ke sa abu ya juya. Ana samunsa ta hanyar ninka ƙarfin turi da nisan wurin turin daga tsakiyar abin da ke juyawa, ana kuma auna shi da niyuton-mita. Idan makanike ya danna sifana mai tsawon santimita 20 da ƙarfin niyuton 50, wato kusan nauyin kilo 5, ya ɗora wa noti ƙarfin murɗa na niyuton-mita 10.

Ƙarfin aikin inji, wanda ake aunawa da wat, haɗin abu biyu ne: ƙarfin murɗa da gudun juyi. Lissafin shi ne:

ƙarfin murɗa = 9.55 × wat ÷ adadin juyi a minti ɗaya

Ƙaramin inji mai wat 130 da ke juyi 30,000 a minti ba zai ba da fiye da niyuton-mita 0.04 a wannan gudun ba. Diril mai wat 500 da giya ta rage gudunsa zuwa juyi 500 a minti kuwa zai iya kusantar niyuton-mita 9.5, wanda ya ninka na farko fiye da sau ɗari biyu. Wannan ne ya sa siririyar jijiya ke iya ɗaukar dukan aikin ƙaramin inji mai gudu, amma ta lalace idan aka ɗaura ta a babban diril mai tafiya a hankali aka tilasta mata aiki mai nauyi. Ita sandar ba ta ƙara ƙarfi, ba ta kuma sauya gudu. Juyi ɗaya a wajen inji juyi ɗaya ne a wajen mariƙi, sai dai ɗan abin da gogayya ta cinye a hanya.

Dalilin amfani da wayoyi da yawa

Sandar ƙarfe guda ɗaya tana kai ƙarfin murɗa da kyau, amma ba ta lanƙwasuwa. Taurin sanda mai zagaye yana ƙaruwa ne da kaurinta ninki huɗu a jere: idan aka ninka kaurin sau biyu, taurin zai ninku sau 16. Matsalar ita ce wannan ƙa'ida ta shafi lanƙwasa da murɗa baki ɗaya. Idan aka sirantar da sandar har ta lanƙwasu, to ta rasa ƙarfin ɗaukar murɗa.

Akwai kuma batun miƙewa. Idan aka lanƙwasa sanda mai kaurin milimita 3 ta bi da'irar da nisan tsakiyarta zuwa gefenta santimita 15 ne, bayan sandar zai miƙe da kashi 1 cikin 100. Ƙarfe na yau da kullum yakan tanƙware din-din-din tun bai kai rabin haka ba. Amma wayar da kaurinta milimita 0.3 ne, a wannan lanƙwasar, miƙewarta kashi ɗaya ne kacal cikin dubu. Da aka naɗe wayoyin suna zagaya jijiyar maimakon su miƙe da tsawonta, sai nauyin ya ƙara raguwa: idan jijiyar ta lanƙwasa, naɗin da ke bayan kwanar yakan ɗan buɗe, na ciki ya ɗan matse, wayoyin kuma su ɗan zame a kan juna, kamar yadda sifirin ke yi.

Yadda jijiya ke ɗaukar murɗa

Misali mafi kusa shi ne igiyar da aka tufka. Idan aka murɗa ta ta fuskar tufkarta sai ta ƙara tsukewa ta yi tauri, idan aka murɗa ta ta ɗaya fuskar sai ta warware. Sifirin guda ɗaya ma haka yake: murɗa shi ta fuskar naɗinsa na rage faɗinsa, murɗa shi akasin haka na buɗe shi.

A cikin jijiya an haɗa waɗannan halaye biyu. Idan inji ya fara juyi, bakin aiki kuma ya ci karo da itace ko ƙarfe, sai kan jijiyar na wajen inji ya riga na wajen mariƙi kaɗan, jijiyar ta murɗe. Wannan murɗi yana tsuke hawan waje, yana son ya rage faɗinsa. Hawan da ke ƙarƙashinsa, da yake akasin haka aka naɗe shi, murɗin yana son ya buɗe shi. Na waje na matsowa ciki, na ciki na turowa waje, sai su danne juna, kowanne ya hana ɗan'uwansa motsi. Daga nan jijiyar ta zama kamar bututun ƙarfe ta fuskar murɗa. Wayoyin hawan waje suna jin ja ne a tsawonsu, kuma ja shi ne abin da waya ta fi jurewa. Da yake hawan waje ya fi nisa daga tsakiya, shi ke ɗaukar kaso mafi girma na ƙarfin, shi ya sa akan yi shi da wayoyin da suka fi kauri.

Hanyar da ƙarfin ke bi daga farko zuwa ƙarshe ita ce: daga sandar inji zuwa wani noti mai rami mai kusurwa huɗu, daga notin zuwa kan jijiya, daga jijiya zuwa sandar cikin mariƙi, daga nan zuwa makama, sai bakin aiki. Kan jijiya mai kusurwa huɗu ba a ɗaure yake tam ba, yana iya zamewa gaba da baya a cikin raminsa. An yi haka da gangan, domin idan sandar ta lanƙwasa, tsawon hanyar da jijiya ke bi a cikin kube yakan ɗan sauya. Haka kuma, martanin murɗin jikin inji yake komawa, shi ya sa inji mai rataye kan ɗan zabura idan aka taka feda, mariƙin kuwa ba ya murɗewa a hannu sosai. Abin da hannu ke tarewa shi ne fizgar da bakin aiki ke yi zuwa gefe.

Fuskar juyi

Tunda tsukewar hawan waje ita ce tushen ƙarfin, kowace jijiya tana da fuskar da aka yi ta dominta. Bakunan huda suna juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya idan aka duba su daga wajen inji. Jijiyar da ta dace da wannan ita ce wadda hawanta na waje ke da naɗin hagu, wato akasin zaren sukuru na yau da kullum. Idan aka tsayar da ita, wayoyinta za su karkata kamar tsakiyar harafin S, na naɗin dama kuwa kamar tsakiyar harafin Z.

Idan aka juya ta baya, hawan waje sai ya buɗe ya rabu da na ƙarƙashinsa, aikin ya koma kan hawan ciki waɗanda suka fi siranta. Ƙarfin da za ta iya ɗauka ya ragu, murɗewarta ta ƙaru, idan kuma aka matsa mata wayoyin waje su kumbura su cije kube. Akwai jijiyoyin da ake ƙerawa domin fuska biyu, da wani tsarin naɗi na daban. Wannan batu ya fi bayyana a gajeriyar sandar da ake sa wa diril domin ɗaure sukuru a lungu, mai kai mai kusurwa shida na milimita 6.35: tana iya ɗaure ƙaramin sukuru lafiya, amma ta warware wajen kwance wanda ya cije.

Jinkiri da kanannaɗewa

Jijiya ba ta kai sanda guda tauri ba, saboda haka takan murɗe kamar sifirin kafin ta kai ƙarfin. Gwargwadon tsawonta da nauyin aikin, gwargwadon yadda kanta na gaba zai kasance a bayan na wajen inji. A aikin gogewa ko sassaƙa wannan ba ya cutarwa, yakan ma sassauta girgiza. Amma idan baki ya maƙale a cikin rami, injin na ci gaba da juyi, ƙarfin na taruwa a jijiyar, idan bakin ya kuɓuce sai ya fizga lokaci guda. Idan kuwa bai kuɓuce ba, jijiyar za ta nemi ta kanannaɗe, kamar yadda igiya ke yin ƙulli idan aka murɗa ta fiye da kima. Kube ne ke hana wannan har zuwa wani matsayi. Idan ƙarfin ya fi ƙarfin kuben, sandar duka takan yi bulala ta naɗe kanta, jijiyar ta karye ko ta tanƙware. Jijiyar da ta taɓa tanƙwarewa ba ta gyaruwa, sai dai a sauya ta.

Lanƙwasa, zafi da gajiyar ƙarfe

Idan jijiya na juyawa a lanƙwashe, gefen da ke bayan kwana yanzu shi ne zai koma ciki bayan rabin juyi. Kowane yanki na waya yana miƙewa yana matsewa sau ɗaya a kowane juyi. A gudun 30,000 a minti, hakan na faruwa sau 500 a daƙiƙa ɗaya, wato sau miliyan 1.8 a awa guda. Irin wannan maimaici ne ke jawo gajiyar ƙarfe, inda ƙaramar tsaga ke farawa ta girma har wayar ta tsinke. Idan kwanar mai faɗi ce, nauyin kaɗan ne, jijiyar kuma ta daɗe. Idan kwanar ta tsuke, nauyin ya ƙaru, gogayyar wayoyi da juna da ta jijiya da kube ta ƙaru, sai zafi ya tashi ya narkar da giris.

Saboda haka kowace sanda na da iyakar lanƙwasa. Kamfanin Dremel ya ba da inci 5, kusan santimita 13, daga tsakiyar da'ira zuwa gefenta a matsayin iyakar sandarsa samfurin 225. Jijiya mai kauri tana ɗaukar ƙarfi da yawa amma tana buƙatar kwana mai faɗi, siririya kuwa akasin haka. Rataye inji sama da teburin aiki yana sa sandar ta sauko da kwana guda mai sauƙi. Wurin da ta fi yawan lalacewa shi ne dab da mariƙi da dab da inji, inda lanƙwasa ke taruwa, shi ya sa ake ƙara wa kuben sifirin ko roba mai kauri a waɗannan wurare.

Kulawa da kariya

- Ana zaro jijiya lokaci-lokaci a goge ta, a shafa mata giris kaɗan. Dremel ya ce a yi haka bayan kowace awa 25 zuwa 30 ta aiki. Giris da ya yi yawa yakan gangaro cikin mariƙi ya sa shi zafi.
- Ana barin gudu ya yi aikin, ba a danna baki da ƙarfi. Idan ƙarar inji ta faɗi, nauyin ya yi yawa.
- Ba a danna makullin sandar mariƙi sai inji ya tsaya cak.
- Kowane baki yana da iyakar gudu. Faifan yanka da dutsen wasa kan tarwatse idan aka wuce ta.
- Ana sa tabarau na kariya da takunkumin hanci, a ɗaure gashi, a naɗe hannun riga, domin baki mai juyawa yana kama zare ya naɗe shi nan take.
- Zafin kube, ko girgiza, ko sabuwar ƙara alamu ne na bushewar giris ko tanƙwarar jijiya.

Sauran wuraren amfani

Kebur ɗin mitar gudu na babura da tsofaffin motoci irin wannan sanda ce: yana ɗaukar juyi daga ƙafar gaba ko daga giya ya kai shi ga agogon da ke gaban direba, kuma kawunansa masu kusurwa huɗu ne. Ya bambanta da kebur ɗin birki ko na kuloci, waɗanda ja suke kaiwa ba juyi ba. A wuraren gini, injin girgiza kankare yana amfani da sanda mai kauri wajen juya wani nauyi da ke cikin kan da ake tsomawa a kwaɓin. Ana samunta kuma a injin yankan ciyawa mai lanƙwasasshen wuya, da injin askin tumaki, da injin buɗe toshewar magudanar ruwa, da kujerun mota masu motsi da lantarki, da wasu sassan jiragen sama.

Kwatanci da wasu hanyoyi

Ana iya karkatar da juyi da giya, ko da bel, ko da gaɓa irin ta furofelar mota. Waɗannan sun fi ɗaukar nauyi, kuma ba sa murɗewa kamar jijiya, amma suna buƙatar a daidaita sassansu a kafe su wuri ɗaya. Sanda mai lanƙwasuwa ba ta buƙatar haka, kawunanta biyu na iya motsi yayin da take aiki. A ƙananan ayyuka, abokin gasarta shi ne mariƙi mai ɗan ƙaramin inji a cikinsa, wanda wayar lantarki kawai ke bin sa. Ya fi sauƙin juyawa a hannu, ya kuma fi gudu, sai dai inji mai rataye ya fi shi ƙarfi idan ana aiki a hankali. A asibitin haƙori kuwa, mariƙi mai aiki da iska, wanda John Borden ya fitar a 1957, mai juyi dubu ɗaruruwa a minti, shi ne ya maye gurbin tsofaffin injuna masu kebur da masu bel wajen huda haƙori.